Yadda na shafe kuɗina da farin fenti a Jidda

Motar Mustang ce ƙirar 2016, mai silinda 8, rawaya shar kamar ƙwanduwar ƙwai. A Haraj, inda ake cinikin motocin hannu, na ganta, na biya, na tuƙo ta gida ina jin babu ya ni a Jidda. Ranar Juma'a na kai ta gidan Kawu a unguwar Sabil don ya sa albarka. Ya zagaya ta sau biyu, hannuwansa a baya, sannan ya ce: "Ɗana, A Daidaita Sahu ka sayo mana?" Wanda ya san Kano ya san inda maganar ta dosa. Yara suka yi ta dariya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya ƙara da shi, cewa a ƙasar nan farar mota ita ce kuɗi a hannu. Kuma da gaskiyarsa. Ka tsaya a titin Tahliya ka ƙirga, farare sun rinjaya. Fari ba ya shan zafin rana kamar baƙi, ba ya tona asirin ƙura, kuma Camry ko Hilux fara ba ta daɗewa a kasuwa.

Bayan shekara 2, da na fara tunanin sayarwa, sai na ce bari in yi dabara in mayar da ita fara. Ba a sauya launi haka kawai, domin yana rubuce a istimara, wato takardar rajistar mota. Sai da na nemi izinin murur, wato 'yan sandan hanya, aka yi fenti, aka gyara takarda. Riyal 7,000 suka tafi, ban da zirga-zirga. Mai fentin ya yi aiki mai kyau, ba ni da ta cewa a kansa.

Mai saye na farko wani saurayi ne Balarabe. Ko injin bai tayar ba. Ya zaro 'yar na'urar auna kaurin fenti daga aljihu, ya ɗora a ƙofa, a boned, a rufi, ko'ina lambar ta haura. Ya buɗe but, ya ɗaga kafet, sai ga rawaya tana leƙensa. Ya tambaye ni wane irin haɗari ta yi. Na rantse ko kaza ba ta taɓa bugewa ba. Murmushi kawai ya yi. A wajensu motar da aka fesa gaba ɗaya akwai abin da take ɓoyewa, balle irin wannan da kowa ke zargin an yi tafhiɗ da ita, wato wasan ganganci da samari ke yi. Kalmar da suke nema a talla ita ce "wakala", fentin da ta fito da shi daga kamfani, ni kuwa da kuɗina na binne nawa.

Mai saye na uku ne ya ƙarasa ni. Da ya ji asalin launinta, ya kama kai, ya ce watanni ya yi yana neman rawaya. A nan na gane ashe ma'aunin Kawu na motar iyali ne. Mai neman Mustang ko Challenger ba sanyi yake nema ba, so yake a waiga idan ya wuce a Kurnish, titin bakin teku. Launin yana cikin abin da yake saye, kamar yadda ja ya manne wa Ferrari tun zamanin da shi ne launin motocin tseren Italiya. Masu son rawaya ba su da yawa, amma motar ma ba ta da yawa, kuma idan suka ganta ba sa jan ciniki.

Wata 4 tana ajiye a ƙofar gida. Na sallama ta da ragin Riyal 15,000 daga abin da na sa rai. Da na gaya wa Kawu, ya kurɓi shayinsa ya ce: "Ni cewa na yi ka sayi fara, ban ce ka rina ba."