Idan fuska ta fito da duhu a kan sitika

Ƙorafin da na fi ji a shagonmu na buga fileks da sitika shi ne: "Oga, duba yadda fuskata ta yi duhu." Kuma yawanci mai ƙorafin yana da gaskiya. Ja ya koma kamar jini, shuɗi ya rine, baƙi kuma sai ya jima bai bushe ba. Abin ya fi damuna a hoton mutane, domin fatarmu tana da duhu dama, tawada kaɗan ta ƙaru sai ido da hanci su ɓace, amarya ta kasa gane kanta.

Abin da na ga abokan sana'a suna fara yi shi ne zargin tawada, ko su kira mai gyara ya taɓa wutar hed, wato kan injin da ke fesa tawada. Ni ban yarda da wannan ba. Idan ka buga gwajin nozul (ƙananan ramukan hed da tawada ke fitowa ta cikinsu) layuka suka fito cif, to hed ɗinka lafiya lau, ko wane iri ne, XP600 ko DX5 ko i3200. Ka bar shi, ka koma kan kwamfuta.

Can ne matsalar take kwana, a cikin manhajar da ke tura aiki ga inji, Maintop ce ko Photoprint ko VersaWorks ta masu Roland. Kowane irin ledar da ake bugu a kai yana da furofayil ɗinsa, wato saitin da ke gaya wa inji yawan tawadar da zai zuba. Fuskar fileks tana da kaushi, tana ɗaukar tawada da yawa. Sitika mai sheƙi ba ta ɗaukar haka, sai tawadar ta taru a sama, ɗigo ya haɗe da ɗigo. Wanda ya gama fileks ya ɗora sitika bai canza furofayil ba, dole aikinsa ya yi duhu. Haka ma wanda ya zaɓi furofayil na fas 4 alhali a fas 8 yake bugawa (fas shi ne sau nawa hed yake bi ta wuri ɗaya). Wani kuma yana kashe sarrafa launi gaba ɗaya don kala ta "fito sosai". Tana fitowa kam, amma inda aka nemi kashi 50 na ƙarfin launi sai ya zama kamar 70, kuma a wannan tsakiyar launin fata yake.

Ga yadda nake yi idan sabon nau'in leda ya shigo. Ina buga ƙananan akwatuna na launuka huɗun da inji ke bugu da su, C (shuɗi-shuɗi) da M (ja-ja) da Y (rawaya) da K (baƙi), daga kashi 10 har 100. In bar su su bushe, in fita da su hasken rana. Akwai inda launi yake daina ƙara ƙarfi, sai jiƙa kawai yake ƙarawa. A nan nake yanke iyakar tawadar wannan launin. Wanda yake da na'urar auna launi irin i1Pro ta X-Rite zai fi ni daidaito nesa ba kusa ba, sai dai tsadarta ta sa ba kowane shago ke da ita ba, kuma gwajin ido ma yana rage ɓarna sosai.

Masu zane ma suna da nasu. Sau da yawa fayil yana zuwa daga manhajar zane ta CorelDRAW an cika baƙi da 100 a duk launuka huɗu, jimla 400 ke nan, babu sitikar da za ta shanye wannan. Ina roƙonsu su sa C 60, M 40, Y 40, K 100, ya isa baƙi mai kyau. Kuma allon kwamfuta haske yake fitarwa, leda kuwa sai an haska ta, don haka wanda ya ƙure hasken allonsa zai riƙa ganin hoto ya fi yadda yake haske.

Sai zafi. A watan Afrilu shago yana ɗaukar zafi, tawada ta tsinke, ta fi zuba. Hitar injin da ke ɗumama leda kuma idan ta yi sanyi ɗigo yana bazuwa kafin ya kama. Ni ina barinta wajen digiri 40, in duba abin da mai ledar ya rubuta.

Kafin in saki babban aiki, ina yanko fuskar mutumin kaɗai in buga ta a ɗan gefen ledar da za a yi aikin da ita, in nuna wa mai aikin a waje, ya amince, sannan in tura sauran.