Abin da tsohon kabad na walnot ya koya mini

Lokacin da na fara aiki a wani ƙaramin shagon gyaran tsofaffin kayan ɗaki a birnin Liyon na ƙasar Faransa, na zo ne da hannun kafinta wanda ya saba da ƙera sabo, kuma a tunanina gyara shi ne mayar da abu ya yi ƙyalli kamar yau aka fito da shi. Kayan da aka fi kawo mana su ne manyan kabad-kabad na ɗakin cin abinci, waɗanda aka sassaƙa da katakon bishiyar walnot a salon da Faransawa ke kira da sunan Sarki Henri na Biyu, wanda ya yi mulki daga 1547 zuwa 1559. Sai dai ba a zamaninsa aka yi su ba. A ƙarni na 19 ne Turai ta koma kwaikwayon fasahar zamanin Renesans, wato lokacin farfaɗowar fasaha a Turai wanda Sarki Henri ya rayu a cikinsa, musamman bayan da katafaren kabad na walnot da Fourdinois, wani maƙerin kayan ɗaki na Paris, ya kai baje kolin Landan na 1851 ya ja hankalin jama'a, kuma kafin ƙarshen ƙarnin shagunan unguwar Faubourg Saint-Antoine a Paris suna ta fitar da irinsu ga masu matsakaicin hali.

Na farko da aka damƙa mini yana da hawa biyu, da ƙananan ginshiƙai a sama, da kawunan zaki a kusurwoyi, sannan a jikin kowace ƙofa akwai ganyaye da 'ya'yan itatuwa da suka fito ɓaro-ɓaro. Ganin ya yi duhu sai na ɗauki samfefa na fara goge ƙofa ɗaya. Maigidana ya zo ya tsaya a kaina, ya kama hannuna ya ɗora yatsana a kan ganyen da na goge, sannan ya mayar da shi kan wanda ban taɓa ba. Na biyun yana da kaifi, har ana jin inda bakin ƙarfen masassaƙin ya bi ya juya, na farkon kuwa ya zama sumul, babu wannan alama ko ɗaya. Duhun da na ɗauka datti ne, ashe rini ne da ake yi da ɓawon 'ya'yan walnot ɗin kansa, haɗe da kakin zuma da aka shafe shekara fiye da ɗari ana shafawa. Launin mun iya dawo da kusan irinsa, amma kaifin sassaƙar ya tafi ke nan, kuma har yau abin yana damuna.

Daga nan na koyi fara kowane aiki da dubawa. Nakan zare durowa in kifa ta, in ga ko haƙoran da suka haɗa kusurwarta da hannu aka yanka su ko da inji, in duba bayan kabad ɗin inda sau da yawa ake sa katako mai araha. Ƙananan hudojin ƙwaro ma suna da labari: idan sabon gari mai haske yana zubowa daga cikinsu, to ƙwaron yana nan da rai, dole a magance shi kafin komai.

Darasin da ya fi zama mini a rai shi ne na gam. Masu aikin farko sun yi amfani da gam na fata da ƙashi, wanda ake narkawa a tukunya a shafa da zafinsa, kuma ɗumi da danshi suna sake kwance shi. Saboda haka ne mu ma ba ma sa gam na zamani mai kamawa har abada, domin wani zai zo bayanmu ya buƙaci buɗe abin da muka rufe. Haka kuma allon tsakiyar ƙofa ba a manne shi. Ana barin sa ne sake a cikin kwarmin da aka fafe masa, saboda katako yana kumbura da danshi, yana kuma tsukewa idan iska ta bushe, kamar yadda ƙofofinmu na gida ke yi tsakanin damina da hunturu. Yawancin tsagaggun alluna da ake kawo mana, wani mai gyara ne ya manne su ƙam, sai zafin na'urar ɗumama ɗaki ya tsaga su a lokacin sanyi.

Ƙofar nan da na goge, maigidana ya sa na faɗa wa mai kayan gaskiyar abin da ya faru da bakina, aka rubuta shi a takardar aikin, aka kuma rage wa mai kayan kuɗin aikin.