Kafin in miƙa makullan ɗakin zane

Ƙarshen watan nan zan bar aiki, ga ɗan abin da zan bar wa wanda zai gaje ni.

Kowa a sashenmu na koyar da zane ya san al'adar: ɗalibi ya gama aikinsa na ajin ƙarshe, an ba shi maki, zanen ya shiga sito, shi ke nan ya zama kayan sashe. Shi ya sayi fenti da yadi da kuɗinsa, wani ma da bashi, amma ba mai sake waiwayarsa. Shekarar da aka gayyace mu baje koli a Abuja, shugaban sashe na lokacin ya shigo sito da kansa ya zaɓi zane-zane, ya ce a ɓamɓare katunan suna da ke jikinsu. Na ce, "Ranka ya daɗe, masu aikin fa?" Ya ce makaranta ake son ɗagawa, yara su jira lokacinsu. Da littafin baje kolin ya fito, sunansa ne a ciki da manyan baƙaƙe.

A cikin kayan akwai na wata ɗaliba: mahaifiyarta tana tankaɗe a tsakar gida, ɗankwali ya zame, furfura a waje. Matar kulle ce, kuma ta yarda a zana ta ne don an ce malamai kaɗai za su gani. Sai ga zanen a Facebook, wani babban baƙo a tsaye gefensa yana murmushi. Kafin kwana biyu ya isa wayar baffan yarinyar. Ta same ni ido jajir, ta ce, "Malam, wa ya ba su izini?" Da ƙyar mahaifinta ya bar ta ta zo karɓar sakamako. Da magana ta yi zafi, ni aka ba takardar tuhuma, wai na yi sakaci da sito. Shugaban sashe kuwa ko gezau.

Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ba ta ce sai ka yi rajista ko sai ka gama makaranta ba. Da ka gama aikinka haƙƙi ya tabbata, har da haƙƙin a ambaci sunanka a kansa. Su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo ɗalibai ne lokacin da suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a Zariya a 1958. Da an riƙa ce musu su jira lokacinsu, wa zai san su?

Tun daga nan na buɗe littafi, ba zanen da ke fita sai mai shi ya sa hannu. Suna a bayan yadi za a rubuta, kati ɓamɓaruwa yake yi. In mutum aka zana, shi ma a tambaye shi. Umarnin shugaba kuma, ka nema a rubuce.

Wasu malamai har yau iyayi suke kiran littafin nan. Zanen yarinyar dai bai dawo sito ba, an ce babban baƙon aka ba kyauta.