Yadda sunan Jansen ya cinye min kuɗi wajen neman zuri'ar Baturken Brooklyn

Har yanzu in na tuna kuɗin da na zuba a wani shafin intanet na bin salsala sai raina ya ɓaci wallahi. Matar ƙanena ba'amurkiya ce, tun tana yarinya kakarta ke faɗa musu wai su jinin "Baturke" ne, wani mutum da ya zauna a New York tun ana ce wa garin New Amsterdam, lokacin yana hannun 'yan Holan. Da Allah ya basu haihuwa sai tace tana so yaran su san asalinsu ta wajen uwa kamar yadda suka san namu, ni kuma an sanni da son tarihi, shikenan aka ɗora min aikin.

Gano mutumin bai bani wahala ba. Sunansa Anthony Janszoon van Salee, masana tarihi sun tafi akan cewa babansa shine Jan Janszoon, ɗan fashin teku mutumin Haarlem ta ƙasar Holan da aka kama a 1618, ya musulunta ya koma Murat Reis, har ya shugabanci 'yan fashin garin Sale a Maroko. Anthony ya auri Grietje Reyniers a ƙarshen 1629, suka iso New Amsterdam a 1630. Takardun lokacin Baturke suke ce masa, haka Turawan zamanin ke kiran duk wanda suka alaƙanta da Musulunci.

Inda aka cuce ni shine bishiyoyin dangi da mutane ke ɗorawa a intanet. Shafin ya nuna min kan bishiya kyauta, yace in zaka ga rassan sai ka biya na shekara, na biya, sai ga jerin 'ya'ya maza masu suna Jansen da Johnson an jingina wa Anthony, wani ya kwafa daga wani, wancan ma daga wani ya kwafa, babu wanda ya saka takarda ko ɗaya. Watanni nayi ina bin waɗannan mazan, har hotunan takardu na saya daban. Ashe 'ya'yan da takardu suka tabbatar masa mata ne su huɗu: Annica, Cornelia, Sara da Eva. Kuma Janszoon ɗin ma ba sunan dangi bane, ɗan Jan kawai yake nufi, kamar mu ce Musa ɗan Audu, to ka duba yawan masu suna Jan a cikin 'yan Holan. Duk wani Jansen da ya taka Long Island, tsibirin da Brooklyn ke kai, sai masu bishiyar nan su maƙala masa. Abin da yafi ƙona min rai, wanda ya fara ƙirƙirar kuskuren bai yi asarar komai ba, mu da muka zo daga baya ne muke biya.

Jinin mutumin nan ta mata ya bi, saboda haka sunan mazajensu zaka nema. Annica ta auri Thomas Southard, Sara ta auri John Emans, Eva kuma Ferdinandus van Sicklen. Da bishiyar farko ta nuna min haka da tuni na gama.

Abin da ya fitar dani shine takardun kotu, kuma nan ne naji daɗin aikin sosai. Gidan Anthony gidan rigima ne, shi da Grietje kullum suna gaban hukuma, yau bashi gobe zagi. Babbar rigimarsu da limamin cocin garin ce, Everardus Bogardus, har matar limamin Anneke Jans sai da suka yi wa ƙazafi, a 1639 gwamna Willem Kieft da majalisarsa suka kore su daga gari. Korar ta zame musu alheri, don fili aka ba Anthony kimanin eka 200 a tsallaken ruwa, wajen Gravesend a Brooklyn ta yau, ya zama cikin Turawan farko da suka zauna a wurin. Ya rasu a 1676 yana mai dukiya. Wanda ya zauna lafiya da maƙwabtansa a wancan zamanin da ƙyar zaka ga sunansa a rubuce, amma mai yawan shari'a komai nasa na nan, iyakar gonarsa, wanda yake bi bashi, surukansa. Duk a cikin fassarar takardun New Netherland, wato yankin da 'yan Holan suka mulka a can, na samu, wadda Arnold van Laer ya yi wani sashe, Charles Gehring ya ɗora tun 1974 a Albany, kuma a laburare kyauta na karanta. Kyauta fa, bayan na gama biyan wancan shafin.

Sai dai ka shirya wa giɓi. An sayar da tsofaffin takardun kamfanin West India, kamfanin 'yan Holan da ya mulki yankin, a 1821 a matsayin shara, gobarar 1911 a ginin majalisar jiha dake Albany kuma ta ci wasu ta babbake gefen wasu. Ga kwanan wata, 'yan Holan na New Amsterdam sabuwar kalanda suke bi, Ingilishi kuma tsohuwa har 1752, tazarar kwana 10 a ƙarni na 17, kuma shekarar Ingilishi 25 ga Maris take farawa. Gravesend garin Ingilishi ne a ƙarƙashin Holan, don haka zaka iya ganin abu ɗaya da kwana biyu daban, masu bishiyar intanet sai su mayar da mutum ɗaya mutum biyu.

Shawarata kar ka cire ko sisi sai ka ga takardar da aka jingina da kowane suna, na aure ne, na wasiyya ne ko na fili. Mu dai a cikin tsofaffin takardun kakar an samu sunan Southard, Thomas Southard kuma a garin Hempstead na Long Island ya zauna, saboda haka yanzu rajistar garin Hempstead nake bi daga ƙasa zuwa sama, uwa bayan uwa, kuma na soke biyan wancan shafin kafin ya sake cire min na wata shekarar.