Hoton da na ɗauka a gidan mandi

Shekara goma sha ɗaya na yi a lungu ɗaya a unguwar Sabil da ke Jidda, amma ranar da aikin rusau ya iso kanmu, kamar yadda ya isa Kandara da Karantina da Gulail, na duba wayata na tarar ba ni da hoton ƙofar gidan da na zauna, ba ni da na mai tsiren bakin masallaci, wanda Larabawan nan ke kiran sana'arsa siriya, ba ni kuma da na bencin mai shayin da muke haɗuwa bayan sallar isha'i. Maƙwabta suka watse, wasu suka nufi Makka, wasu suka koma Kano ko Damagaram. Wannan ne ya sa da sanyin 2022 ya kama na ƙudurta cewa duk abin da na ci a waje, duk inda na je, duk abin da ya faru a gari, sai na ɗauki hotonsa na ajiye. Akwai kuma Hajiyarmu a Kano, wadda ba ta ajiye waya sai ta tambaye ni abin da na ci, na ga hoto zai fi kwantar mata da hankali a kan amsar da nake ba ta kullum.

Abin ya fara da daɗi. Ranar 22 ga Nuwamba da rana ina wani ɗan shagon shayi lokacin da Saudiyya ta ci Ajantina 2 da 1 a gasar cin kofin duniya ta Ƙatar, kuma a daidai lokacin da Salim Addausari ya jefa ƙwallo ta biyu na ɗauki mai shagon, wani dattijo ɗan Yaman, yana tsaye da buta a hannu, idonsa a kan talabijin, shayi ya cika kofi yana malala a kan tebur bai sani ba. Washegari Sarki Salman ya ba da hutu. Ranar Alhamis 24 ga wata kuma aka yi ruwa a Jidda da ya kai milimita 179 cikin sa'a shida, makarantu a rufe, babbar hanyar Makka ta tsaya na wasu sa'o'i, mutum biyu suka rasu. Daga saman bene na ɗauki motocin da ruwa ya tura ya jingina da juna, tsofaffin gidanmu suna ta tuna ambaliyar 2009. Daga nan sai hotunan ful da tamis bayan sallar asuba, da kifin da muka saya a kasuwar Bangala aka soya mana muka ci da shinkafar sayadiyya, da farantin saliƙ a Ɗa'ifa, da hazon da ya rufe hanyar Hada har ba a ganin motar gaba, birai suna zaune a kan katangar titi suna jiran a jefa musu abinci. A watan Janairu duwatsun kewayen Makka, waɗanda na san su baƙi ƙirin tun zuwana, suka yi kore saboda ruwan da aka yi ta samu, kowa ya fita kallo. Duk wannan yana cikin wayata, hoto sama da ɗari huɗu.

A kan hanyar dawowa daga kallon duwatsun nan ne, wani daren Alhamis, ni da abokaina biyu muka tsaya a wani gidan mandi, wato gidan abincin da ake sayar da shinkafa da naman rago irin na Larabawa, da ke wajen gari. Irin wuraren nan ne da ake zama a ƙasa kan darduma, an raba zauren da ƴan katangun katako da ba su wuce ƙugun mutum ba. A da, wurin iyali daban ne, na gwauraye daban, kowa da ƙofarsa, amma tun Disambar 2019 aka daina tilasta wa gidajen abinci raba ƙofa, saboda haka a wurare da yawa yanzu katako ɗaya ne tsakaninka da iyalin wani. Aka kawo tire, cinyar rago a kan shinkafa tana tururi, ga daƙƙus a ƴan kwanoni, ga lemon tsami da albasa a gefe. Na gwada ɗauka a zaune, tiren bai shiga duka ba, sai na miƙe tsaye, na ja da baya taki biyu, na karkata wayar don tururin ya fito a hasken fitila. Miƙewar nan ita ce ta ɗaga idon wayar sama da katakon. Ban ga komai ba sai nama. Kafin mu wanke hannu na riga na ɗora hoton a sitatus na WhatsApp, na kuma tura shi wani zaure na Hausawan Jidda da Makka da muke gaisawa a ciki.

A kusurwar sama ta hagu akwai wata baiwar Allah da ta ɗage niƙabinta tana cin abinci tare da mijinta da yaransu biyu. Fuskarta a allon waya ba ta kai girman farce ba, amma wayoyin yanzu idan aka buɗe hoto da yatsa biyu komai yana fitowa, kuma wani ya buɗe. Ya gane ta, ya yanko wajen, ya tura wa wata, ita ma ta tura. Hausawan Hijaz duk yawansu sun san juna, ko ta aure ko ta unguwa ko ta makarantar allo, don haka kafin asubar Asabar hoton ya isa hannun mijin.

Ya kira ni da misalin ƙarfe tara. Ya yi sallama, muryarsa a kwance, ya ce, "Malam, kai ne ka sa hoton iyalina a waya?" A lokacin ban ma san da wace magana ya zo ba, na buɗe hoton yana kan layi, na gani, jikina ya yi sanyi. Maimakon in ce na yi kuskure, sai tsoro ya sa na ce, "Ai wurin jama'a ne, kuma ni abincina na ɗauka." Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To, shi ke nan, sai mu haɗu a gaban hukuma." Ya kashe waya. Har yau idan na tuna wannan amsa tawa sai in ji kamar in nutse, domin hoton kuskuren ido ne, amma amsar da bakina na faɗe ta, ga mutumin da ya kira ni da ladabi yana jiran kalma ɗaya.

Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san maganar ba wasa ba ce. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2007, a sashe na uku, ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara ɗaya, ko tarar da za ta iya kaiwa riyal 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya keta sirrin mutane ta hanyar wayar da ke ɗaukar hoto, kuma ba sai mutum ya je ofishin ƴan sanda ba, ta manhajar Kulluna Amn ma ana shigar da ƙara. Ni kuwa iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, saura wata biyu ta ƙare, kafilina, uban gidan da nake aiki a ƙarƙashin sunansa, mutum ne da ba ya son jin sunan ma'aikacinsa a wata rigima, ga mutum bakwai a gida da ke jiran abin da nake aikawa duk wata. A daren nan na yi kuskure na uku. Cikin ruɗewa na goge hotunan sanyin nan gaba ɗaya, na bi su har inda waya ke ajiye abin da aka goge, na bi su har ajiyar intanet, kamar hakan zai janye wanda ya riga ya fita. Bai janye komai ba. Hoton da ake magana a kansa yana wayoyin mutane, waɗanda na hallaka su ne nawa, da mai shayi da ambaliya da koren duwatsu.

Da safe na kira wani dattijo da muke kira Baffa, tela ne da ya haura shekara arba'in a Makka, shi ya karɓe ni lokacin da na fara zuwa. Na fara karanta masa saƙon ban haƙuri da nake shirin tura wa mijin, ya katse ni ya ce, "Ɗana, ba a ba da haƙurin mutunci ta waya. Ka bar aikin yau ka taho." Ya binciko gidan, ashe mahaifin mijin sanannensa ne, suna zaune wajen Shari' Mansur a Makka, daga cikin gidajen da kakanninsu suka zo aikin hajji a ƙafa ta Chadi da Sudan, suka tsallako teku daga Suwakin, suka zauna. Baffa ya ce in sayi rago mu tafi da shi, ko da ba su nema ba. Kuɗinsa ya kusa rabin albashina.

Bayan la'asar muka shiga. Aka zaunar da mu a majalisa, wani saurayi ya zuba gahawa, Baffa ya karɓi ɗan kofin ya ajiye a gabansa bai kai baki ba, kamar yadda Larabawa ke yi idan sun zo da buƙata. Ya ce, "Alhaji, yaron nan nawa ne, ya yi laifi, na kawo shi da kaina." Na durƙusa na faɗi abin da ya faru tun daga miƙewata tsaye har amsar da na bayar, ban rage ba, ban kuma kawo uzuri ba. Dattijon ya daɗe yana kallon darduma, sannan ya ce, "Da tun a waya ka ce masa ka yi kuskure, da ba ku sha wannan tafiya ba. Ɗana ba mai son kai ƙara ba ne." A nan ne na ji abin da ban yi tunaninsa ba a duk kwana biyun da na yi ina lissafin iƙama da tara. Matar nan tun tana yarinya babu wanda ya ga fuskarta a waje, yanzu ga ta tana yawo a wayoyin mata da maza, da loma a hannu, wasu har da ƙarin maganar da ba ta da tushe. Ta yi kuka, ta ce ba za ta ƙara cin abinci a waje ba. Ni ina tsoron abin da zai same ni, alhali abin ya riga ya sami wata.

Sharaɗi biyu suka gindaya. In rubuta ban haƙuri a zauren da na tura hoton, ba tare da ambaton sunan gidansu ba, sannan in bi duk wanda ya gani in roƙe shi ya goge. Dattijon ya dubi Baffa ya ce, "Sha gahawarka." Mutum sittin da uku ne suka kalli sitatus ɗin, ban da na zaure, kuma na kira su ɗaya bayan ɗaya cikin kwana uku, wasu suka yi mini nasiha, wasu suka yi dariya, wasu suka rantse ba su ajiye ba alhali na san ta hannunsu ya fita. Kwana ukun nan ma an yanke mini su a albashi.

Ban daina ɗaukar hoton abinci ba, amma yanzu a zaune nake ɗauka, wayar tana kallon tire daga sama kai tsaye, yadda babu abin da zai shiga sai shimfiɗa da hannuna. Idan tiren bai shiga ba, rabinsa ya isa. Kafin in tura wa kowa sai na buɗe kusurwoyi huɗu na duba, har da gilashin taga da madubin bango da bayan cokali, kuma ba na turawa a daren da na ɗauka, domin mai yunwa da farin ciki ba ya ganin gefen hoto. Bidiyo a gidan abinci na bar shi kwata-kwata, tun da ba a iya tsare abin da zai gifta. Ma'aikatan wurin ma ina tambayarsu, domin da yawansu ba sa son a gan su a bakin aiki. Wanda kuma tsautsayi ya faɗa masa, ina roƙonsa kada ya kare kansa a kiran farko, kada ya goge komai cikin firgici sai abin da ya ɗora, ya nemi babba ya taka da ƙafarsa tun rana ba ta faɗi ba. Kalmar nan ta "wurin jama'a ne" ita ta ci mini rago da kwana uku da barcin mako guda.

Ranar 22 ga Fabrairu, ranar tunawa da kafuwar ƙasa, na shiga Balad, tsohon garin Jidda, da daddare, ga gidajen da masu tagogin katako an haska su, ga mutane cikin tufafin gargajiya, kowa da waya a sama. Hoto ɗaya na ɗauka. Na tambayi wani mai balila ko zan ɗauki tukunyarsa, ya ce in ɗauka amma ban da fuskarsa, saboda haka abin da ya fito shi ne ludayi da tururi da hannunsa. Daga baya ƙanwata ta tattaro waɗanda na taɓa tura wa Hajiya ta dawo mini da su, guda talatin da bakwai, yawancinsu ful da tamis ne da kifi. Na dattijo mai shayi ba ya ciki, domin ban taɓa tura shi ba.

Azumi ya kama ranar 23 ga Maris, zafi ya fara dawowa. A goman ƙarshe na je gaishe da Baffa a shagonsa, yana kan keke yana ɗinkin sallah, na tambaye shi labarin gidan Alhaji. Ya ce suna lafiya, mijin ma ya aiko a gaishe ni. Na tambaye shi ita fa. Ya tsayar da keken, ya cire tabarau, ya ce ranar da suka fita buɗa baki da dangi, a mota ta zauna aka kai mata nata.