Inda na kai a ɗinki: rigar filo ta kammala, jaka saura shafi

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyo, da fatan kowa yana nan yana fama da kekensa lafiya. Ga inda aka kwana a nawa ɓangaren: rigar filo ta kammala, jakar hannu kuma jikinta ya haɗu, hannaye sun zauna, shafin ciki kawai ya rage. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya, amma in faɗa muku tun yanzu, abin da na fi lura da shi a wannan zagayen shi ne yawancin kyan ɗinki ba a kan keke ake samo shi ba, a wajen wanki da yanka da guga yake, keken kawai yana bin abin da aka riga aka shirya masa ne.

Bari in fara da yadi. Duk yadin auduga da zan yi aiki da shi sai na wanke shi tukuna ya bushe na goge, saboda auduga tana tsukewa a wankin farko, in ka ɗinka kafin ka wanke to ranar da aka wanke kayan za ka ga ɗinkin ya tattare, rigar filo ta ƙi shiga, sannan in yadin mai zuba ne gara ya zubar da launinsa shi kaɗai tun bai haɗu da wani ba. Bayan nan sai batun tsayuwar zare, wanda ni dai a ganina shi ne abin da ya kamata a fara koya wa mutum tun kafin ya taɓa almakashi. Yadin saƙa zare biyu ne, na tsaye da na kwance. Na tsayen yana bin gefen nan mai ƙarfi da ba ya zarewa, in kun ja shi ba ya miƙewa, na kwancen yana ɗan bayarwa kaɗan, amma in kuka ja yadin a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, wato digiri 45, za ku ga ya miƙe sosai. Ku ɗauki ƙyalle ku gwada da hannunku yanzun nan, sai kun fi ganewa. To in aka yanka abu ba a kan tsayuwar zaren ba, ko da a kan tebur ya yi kyau, da an rataye shi ko an wanke sai ya murɗe. Yadda nake daidaita baki shi ne in ɗan tsaga gefen da almakashi in kamo zare ɗaya na kwance in ja shi a hankali har ya fita, sai ya bar wani siririn layi a jikin yadin, wannan layin nake bi in yanka, daga nan duk awon da zan yi daga shi nake farawa.

Rigar filon mai sauƙi ce, irin wadda ba zif ba maɓalli, bayanta biyu ne ɗaya ya hau kan ɗaya. Filon santimita 45 ne kowane gefe, sai na yanka gaban 45 da 45 cif ban ƙara komai ba, don in ɗinki ya ci santimita 1 kowane gefe rigar ta dawo 43, filon ya cika ta ya yi tsaf babu lanƙwasa a kusurwa. Baya kuma guda biyu, kowanne 45 da 30, na kalmashe baki ɗaya na kowanne sau biyu, santimita 1 sannan wani santimita 1, ya rage 28, in aka jera su sai su hau juna da santimita 11, ya isa filon ba zai leƙo ba. Kafin in juya ta na datse kusurwoyin huɗu a karkace kusa da ɗinkin amma ban taɓa zaren ba. Shi ke nan, aikin yamma ɗaya ne, kuma ina ba duk wanda bai taɓa ɗinka komai ba shawarar ya fara da ita.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, wato daidaita zare, don na san da yawanmu a nan muke karaya. Keken gida zare biyu yake ɗinki da su, na sama da ke cikin allura da na ƙasa da ke cikin kwarkwaro, allura ta nutsa da na sama, wani ƙugiya a ƙasa ya kamo shi ya zagaya da shi kwarkwaron, su sarƙe. Wannan tsarin tsoho ne ƙwarai, Elias Howe ya yi rajistar kekensa mai irin wannan ɗinkin a Amurka a 1846, Isaac Singer ya yi rajistar nasa a 1851, kuma har yau asalin aikin bai canza ba ko keken naku na ƙafa ne ko na lantarki. In komai ya daidaita, inda zaren biyu suka sarƙe yana ɓuya ne a tsakiyar yadin, ba ka ganinsa ta sama ba ka ganinsa ta ƙasa. Abin da na yi da ya buɗe mini ido, na sa jan zare a sama, fari a kwarkwaro, na ninka ƙyalle biyu na yi layi. In ɗigo-ɗigon fari ya fito a sama, zaren sama ya cika tsauri yana janyo na ƙasa, sai a rage lambar maɓallin da ke daidaita tsaurin zaren sama. In ja ne ya leƙo ta ƙasa, na sama ya yi sako-sako, sai a ƙara. A yawancin kekunan zamani lambar tana zama wajen 4, kuma kaɗan-kaɗan ake juyawa a sake gwadawa, ba a tsallake daga 4 zuwa 8. Sai wannan cukurkuɗewar da zare ke yi a ƙarƙashin yadi ya dunƙule kamar sheƙar tsuntsu, kowa kwarkwaro yake zargi saboda a ƙasa abin ya bayyana, alhali kusan kullum na sama ne bai shiga tsakanin faifan da ke matse shi ba. Faifan nan suna buɗewa ne in takalmin keke, wato ƙarfen da ke danne yadi a ƙarƙashin allura, yana sama, su rufe in an sauke shi, don haka in aka zura zare takalmi na ƙasa, zaren bisa faifan kawai yake bi bai shiga ba. Ku ɗaga takalmi, ku zare zaren gaba ɗaya ku sake zurawa daga farko, ku riƙe jelar zaren biyu ta baya lokacin da za ku fara ɗinki, wallahi sau da yawa maganin ke nan, ba sai an taɓa sukurun gidan kwarkwaro ba.

Allura ma da nata. Lambobin da ke jikin fakitin, 70/10, 80/12, 90/14, 100/16, ta farkon kaurin allurar ce, 80 tana nufin milimita 0.8, 100 kuma milimita 1. Yadi mara nauyi 70, audugar yau da kullum 80 ko 90, jins da kambas 100. Yadi mai miƙewa irin na singileti yana son allura mai dunƙulallen baki wadda ke ratsawa tsakanin zare ba ta huda shi ba, in ba haka ba keke ya yi ta tsallake ɗinki. Kuma allura tana dakushewa, in kun fara jin wani ƙas ƙas lokacin da take shiga yadi ku canza ta kawai.

Jakar kuwa da kambas mai ɗan kauri na yi ta. Na yanka biyu, faɗi 47, na haɗa gefe da gefe da ƙasa da santimita 1, sai na yanke murabba'in santimita 5 a kowace kusurwar ƙasa, na buɗe wurin na haɗa ɗinkin gefe da na ƙasa suka hau juna daidai na ɗinke. Wannan murabba'in na 5 shi ke ba da gindi mai faɗin 10, jakar ta iya tsayuwa da kanta, gaban kuma ya dawo 35 a ƙasa, to ku riƙa lissafa wannan tun wajen yanka kar jaka ta fito muku siririya. Hannayen su ne suka fi burge ni. Kowanne na yanka shi faɗi 10 tsawo 60, na ninka biyu na goge, na buɗe, na kawo baki biyun tsakiya kan layin gugar na sake gogewa, sannan na ninke, ya zama faɗin 2.5 ninki huɗu, babu wani bakin yadi a waje kuma ba sai an yi wahalar juyawa ba. Ko fil ban sa ba, gugar kaɗai ta riƙe shi. Na bi gefe biyun da ɗinki kusa da baki, na ƙara tsawon takun ɗinkin daga milimita 2.5 zuwa 3 saboda kaurin. Wajen manna su a jikin jaka na yi ɗinkin akwati na ratsa shi da layi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa, don nan ne duk nauyin kaya ke sauka. In takalmi ya zo hawa wuri mai tudu yakan karkace ya tsaya yana ɗinki wuri ɗaya, sai na ninka ƙyalle na cusa ta bayan takalmin ya daidaita, na riƙa juya kan keken da hannu zuwa wajena har na wuce wurin.

Guga dai kar ku yi wasa da ita 'yan uwa. Kowane layi na ɗinka sai na tashi na goge shi kafin wani ɗinkin ya ratsa ta kansa, farko a kwance yadda aka ɗinka shi don zaren ya nutse, sannan in buɗe shi. Kuma ɗora dutsen gugar ake yi a danna a ɗaga, ba a ja shi gaba da baya, jan yana miƙar da yadi musamman wurin da aka yanka a karkace. Na san tashi da zama yana da gajiya, shi ya sa na matso da teburin guga kusa da keke.

Ga masu tsohon baƙin keke da ba ya zigzag kuma ba su da na wibin, wato mai naɗe bakin yadi kar ya zare, na gwada ɗinkin da ake ce wa na Faransa a kan wata 'yar jakar zuge da na yi da ragowar yadi, ya yi kyau sosai. Ana haɗa yadin ne bai-bai, bayan yadi da bayan yadi, fuskar tana waje, a ɗinka milimita 6 daga baki, a datse ya rage kamar 3, a juya fuska ta haɗu da fuska a goge bakin ya yi kaifi, sai a sake ɗinkawa wajen santimita 1, bakin yadin ya shige ciki ya ɓuya gaba ɗaya. Ya fi dacewa da yadi mara kauri da layi miƙaƙƙe, a kambas zai yi tudu da yawa, shi ya sa ita babbar jakar shafi zan sa mata.

Shafin zan yanka shi daidai da jikin jakar amma in rage masa tsawo kaɗan don kar ya taru a gindi, in bar ƙofa kamar santimita 12 a ƙasansa ta juyawa, da ɗan aljihu na waya a gefe ɗaya. Daga nan sai zif, ƙaramar jakar alƙaluma nake so in fara da ita, na riga na nemo siririn takalmin zif ɗin. Wanda ya riga ni zuwa wurin don Allah ya faɗa mini yadda yake rufe ƙarshen zif ɗin biyu, da ɗan ƙyalle yake naɗe su ko lanƙwasa su yake yi cikin ɗinkin gefe, ina so in ji wanne ya fi ba da kusurwa mai kyau kafin in yanka yadin.