Darussan da na koya game da sauya sunan kolam a rumbun bayanai

Umarnin RENAME COLUMN, wanda ke sauya sunan kolam (ginshiƙin tebur), ba ya cin daƙiƙa guda, shi ya sa ake raina shi. Ɓarnar sai daga baya take fitowa, galibi ƙarshen wata, ranar da wani rahoto da ba a taɓa ba tun sauyin ya tashi yana neman tsohon suna.

A PostgreSQL, wata manhajar rumbun bayanai, VIEW (ajiyayyiyar tambaya da ake karantawa kamar tebur) da FOREIGN KEY (mahaɗin tebur da wani tebur) da indes (fihirisar saurin bincike) ba sunan kolam suke riƙewa ba, lambarsa ta ciki ce, don haka da kansu suke bin sauyin. Nan ake yaudaruwa: mutum ya gwada waɗannan, ya ga lafiya lau, ya ɗauka an gama. Alhali jikin FUNCTION (kod da aka ajiye a rumbun) na PL/pgSQL, yaren shirye-shiryen PostgreSQL, rubutu ne zalla a ajiye, rumbun bai san abin da ke cikinsa ba sai an kira shi. TRIGGER (abin da ke tashi da kansa idan an taɓa tebur) da ke kiran irin wannan FUNCTION zai yi shiru har sai an shigar da sabon layi, sannan ya faɗi, ya faɗi da aikin mai shigarwar. SQL Server, rumbun bayanai na Microsoft, ma haka: sp_rename, umarninsa na sauya suna, gargaɗi kawai yake bugawa, ba ya gyara PROCEDURE (ajiyayyen kod) ko ɗaya. Kafin a taɓa komai, a nemi tsohon sunan a prosrc na pg_proc (inda PostgreSQL ke ajiye rubutun FUNCTION), a kod ɗin manhaja, a ayyukan cron (masu tashi da kansu a kan lokaci), da rahotannin sashen kuɗi da kowa ke mantawa da su.

Kuma idan ta fashe, ba ogan da ya ce a yi yau-yau ake kira ba, wanda ya danna ake kira.

Don haka a ƙi gaggawar. A ƙara sabon kolam, manhaja ta riƙa rubutu a duka biyun, a kwashe tsofaffin bayanai kaɗan-kaɗan, kamar layi 5,000 a kowane zubi, a mayar da karatu kan sabon. Tsohon ba a goge shi sai zagayen wata ya cika kuma pg_stat_statements, mai lissafin tambayoyin da ake yi wa rumbun, ya daina nuna mai kiransa. Idan sunan tebur ne ake sauyawa, a bar VIEW mai tsohon sunan ya tsaya a madadinsa.

A sa lock_timeout (iyakar lokacin jiran kulle) na daƙiƙa 2 ko 3, domin umarnin RENAME yana kulle teburin gaba ɗaya. In ya tsaya jiran wata doguwar tambaya, kowa zai yi layi a bayansa. Sunayen da rumbun ya ƙirƙira da kansa daga tsohon suna, irin su users_pkey da users_id_seq, ba sa canzawa, da hannu ake gyara su.